Ruwan Kwata a Farar Shadda

Ranar Lahadi a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, Misbahu mai adaidaita ya fallatsa wa wani dattijo ruwan kwata a farar shaddarsa. Ya tsaya yana jiran zagi.

"Ba komai, ɗana, je ka," in ji dattijon.

Misbahu ya ƙanƙance ido. "Baba, lambata ka ɗauka ko? Jami'i ne kai?"

"Sunana Ishaya, daga coci nake. A da ni wuta ne, Yesu ya kashe wutar."

"Anya? To me ya sa hannunka ke rawa?"

Dattijon ya ƙara damƙe Littafi Mai Tsarki da ke hannunsa.

"Zuciya ta ji wa'azi, hannun ne bai gama ji ba. Ja kekenka tun yana riƙe da littafin nan."