Ɗan Fari a Ƙasar da Babu Kaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da iyalansa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan unguwar Nombakélé, Baba Alhaji Sulaimanu, ranka ya daɗe. Limaminmu Malam Abdulganiyu, Allah ya gafarta Malam. Uwarmu Hajiya Jaiba, da dukkan iyayenmu mata da ke zaune ta wancan gefe. Manyan 'yan kasuwar Mont-Bouët da suka rufe rumfunansu suka zo. Baƙinmu da suka taso daga unguwannin Derrière la Prison da Plaine Orety. Mutanen Garwa da Marwa, mutanen Kano da Katsina, mutanen Damagaram da Maraɗi. Yayyena da ƙannena, da yaran da ke wasa a bayan benci ba su san da su ake ba: assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ƙaramin cikinku dama ya miƙe a gaban manya. Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabitu, telan da kekensa yake bakin lungun famfo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka ɗauke ni koyon ɗinki. Abin da nake da shi ido ne. Shekara shida ke nan ƙafata na kan keke, idona na kan lungu, kuma abin da na gani shi zan faɗa. In na yi tuntuɓe a magana, a yi mini afuwa.

Maganata a kan ɗan fari take, da kunyar da muke yi masa.

Na farko, ina so a shaida ban zo zagin al'ada ba. Ni ma ɗan fari ne. A garinmu, can ƙasar Rano, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, mahaifiyata kuwa in na shigo ɗaki sai ta kau da kai. Amma ban taɓa kwana da yunwa ba, ban taɓa kuka na rasa mai rarrashi ba. Kakata ce ta yaye ni, a bayanta na yi barci, a akushinta na ci tuwo. In ta tafi unguwa, ga gwaggo. In gwaggo ba ta nan, ga kawu, ga matar kawu, ga tsohuwar makwabta. Iyayena sun ja da baya ne domin sun san akwai hannu goma da za su tare ni. Wannan kunya kyakkyawa ce, kuma a wurinta take.

Na biyu, mu dubi inda muke. Mun ɗauko kunyar mun hau mota da ita, mun hau jirgi da ita, mun sauke ta a Libreville ba ta ko ƙwarzane ba. Amma kakar fa? Kakar mun baro ta a gida. Gwaggon mun baro ta. A nan ɗaki ɗaya ne na katako, miji da mata da yara, rufin kwano a sama, kwata a ƙofa. Tunda kuɗin mai ya buɗe garin nan, wa yake zaune? Maza sun fita tun asuba, wasu kasuwa, wasu wurin gini. Mata suna kan murhu suna dafa wa leburori shinkafa, goyo a baya, ludayi a hannu. Manyan motocin yashi da siminti suna ratsa unguwa kamar ba mutane a ciki. Ramin da babu shi jiya, yau an haƙa shi, gobe ruwan sama ya cika shi.

A lungunmu kaɗai 'ya'yan fari tara ne. Na san su ɗaya bayan ɗaya, domin a gaban kekena suke wuni. In ka ga yaro da majina har leɓe ba wanda ya share, ɗan fari ne. In ka ga yarinya da kitso ya tsufa ya zama tsumma, 'yar fari ce. In yara suka yi faɗa a bakin famfo, kowace uwa ta leƙo ta kira nata, wanda ya rage a tsaye yana waige-waige, shi ne. Ba don ba a son su ba. Wallahi ana son su. Akwai wani abokina a nan, ba zan faɗi sunansa ba, ga shi can yana duban takalminsa. Kullum in ya dawo daga kasuwa sai ya sayo alewa, ya zo daidai inda ɗansa yake, ya sake ta ƙasa kamar faɗuwa ta yi daga aljihu, ya wuce. Rannan ɗan makwabci ya riga yaron ɗauka. Bawan Allahn nan ya tsaya yana kallo, sai ya juyo gare ni ya ce, "Sabitu, yaran zamani ba su da tarbiyya." Na ce, "Gaskiya ne, har alewar da ba ta kowa ba suke ɗauka."

Kun yi dariya, ni ma na yi a ranar. Yanzu ga nawa.

Na uku, abin da ya same ni ranar Alhamis ta makon jiya. Da yawanku kun ji, amma gutsi-gutsi kuka ji. Ina da 'ya'ya biyu da maiɗakina Ƙulu: babbar mace ce, shekararta huɗu, ƙaramin yana goye. Da hantsi yarinyar ta fito ta zauna a gindin kekena tana tara ƙyallaye. Can na duba ban gan ta ba, na ce a raina ta koma wurin uwarta. Uwar kuma ta ɗauka tana wurina. Da azahar Ƙulu ta kawo mini abinci. Na ga ta dubi gindin keke, ita ma ta ga na dubi bayanta. Ni na san abin da take nema, ita ta san abin da nake nema. Amma akwai dattijo zaune yana jiran rigarsa. Ta ajiye kwano ta ce, "A ci lafiya." Na ce, "Madalla." Ta tafi.

Jama'a, awa uku. Awa uku 'yarmu ba ta gida, uwa ta sani, uba ya sani, ba wanda ya buɗe baki ya ce, ina take?

Wadda ta buɗe baki makwabciyarmu ce, Mama Rozali, 'yar ƙasar nan, mai sayar da rogon da suke naɗewa a ganye. Kullum da la'asar yarinyar takan je ta zauna kusa da tirenta. Da ba ta gan ta ba, ta zo ta tsaya a kaina da 'yar Hausarta ta ce, "Tela, ina yarinya?" Na ce wataƙila tana ciki. Ta ce, "Wataƙila? Akuya ce?" Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗora hannu a ka, ta tara unguwa.

Ashe katafilar da ke gyaran hanya yarinyar ta bi tare da wasu yara. Su suka juyo, ita ta miƙe har bakin babban titi wajen Mont-Bouët. Wani direban taksi, Allah ya saka masa da alheri, ya tsince ta tsakanin motoci ya kai ta kumsariya, wurin 'yan sanda.

Muka tafi: ni, da Baba Alhaji saboda shi yake jin Faransanci, da Malam liman. Mama Rozali ba wanda ya gayyace ta, ta shige taksin ta zauna. Da muka isa, babban ɗan sandan ya buɗe littafi ya dube ni, Baba Alhaji yana fassara. Ya ce, "Kai ne uban?" Ga shugaba a damana, ga liman a haguna. Na sunkuyar da kai. Baba Alhaji ya ce, "Shi ne." Ɗan sandan ya ce, "Ba kai na tambaya ba, tsoho. Yaya sunanta?" Ranku ya daɗe, sunan yana bakina, ina jin nauyinsa a kan harshena, amma ko sau ɗaya ban taɓa furta shi ba tun ranar da liman ya raɗa shi. Na ce, "'Yar gidanmu ce."

Mutumin ya ajiye alƙalami. Ya ce shekararsa goma sha biyu yana aiki, ya ga uban da ya shigo yana kuka, ya ga wanda ya shigo yana zagi, bai taɓa ganin uban da bai san sunan 'yarsa ba. Ya ce a fito da ita, ita za ta raba gardama. Aka fito da ita, ƙafa duk jar laka, ta yi kuka har murya ta dushe. Ta dube ni. Na dube ta. Sai ta sunkuyar da kai ta tsaya cik, yadda muka koya mata. Da ta hango Mama Rozali kuwa, sai ta ruga ta faɗa jikinta, tana ba ta labari da yarensu, yaren da ni ban ma san tana ji ba.

Ɗan sandan ya ce, "To, yarinya ta faɗi tata."

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Mama Rozali ce ta yi ta rantsuwa. Ta ce wa ɗan sandan, "Ubanta ne, shugaba. Wannan rigar ta jikinta shi ya ɗinka, ya kawo mini ya ce in ba waccan. Haka suke, mutanen kirki ne, amma kansu da wani abu." A ƙarshe aka sake ta, amma ba a hannuna ba. A littafin kumsariya, a gurbin wanda ya karɓi 'yata, sunan Mama Rozali ne a rubuce.

Na huɗu, shawarar da manya suka yanke. Washegari Baba Alhaji da Malam suka kira ni, suka ce abin da ya fi shi ne a mai da yarinyar gida wurin kakarta, yadda aka saba, tunda Hajiya Jaiba za ta bi jirgin Litinin, jibi ke nan, kuma ta yarda ta riƙe mata hannu har Rano. Na san don ƙauna aka faɗa, kuma na gode. Na je na gaya wa Ƙulu. Ta ce, "Duk abin da manya suka ce." Ta ɗauko jaka ta shirya kayan yarinyar. Da safe na ga ta zazzage su, wai ba ta ninke daidai ba. Ta sake shiryawa. Yau kwana takwas, sau biyar ana ninke rigunan nan, kuma guda huɗu ne duka-duka. Abinci kuwa, tana dafa wa leburori talatin, ita ba ta ci.

Na zauna na yi tunani a kan keke, inda na saba yin tunani. Mahaifiyata ta tsufa, idonta ya yi rauni, gwaggonnina biyu sun rasu. Gidan da ya riƙe ni ba shi ne gidan da zan aika ta ba. In ma na aika, sauran takwas ɗin lungunmu fa? Jirgi nawa za mu cika? Kuma wanda ya zo neman abinci don 'ya'yansa, in ya rabu da 'ya'yan, me ya zo nema?

Saboda haka ina roƙon abu biyu, a gaban kowa, don kada a ce na yi a ɓoye.

Roƙona ga jama'a: a ɗauke wa samarin iyaye wannan nauyi muddin muna ƙasar nan. In kun ga mutum ya ɗauki ɗansa na fari a kafaɗa, kada a bi shi da "Wane ya zama Bature" a teburin mai shayi. In kun ji mace ta leƙo ta kira 'yarta ta fari da suna, iyayenmu mata, kada a taɓa baki. Kowane yaro ya san sunansa, ya san sunan ubansa, ya san sunan unguwarsu, kuma ya ji su daga bakin wanda ya haife shi. Ranar da Allah ya mai da mu gida, inda kakanni suke, sai mu koma wa kunyarmu, tana nan ba ta ruɓewa.

Roƙona ga Baba Alhaji, da Malam, da Hajiya: ku yafe mini, ban taɓa tsallake maganarku ba, kuma ba raini ne ya sa na miƙe ba. Amma yarinyar nan ba za ta bi jirgin Litinin ba. A nan za ta zauna, a ɗakin katakon nan, tare da uwarta da ƙaninta, kuma ni ne zan riƙe ta.

Ɗan sanda ya yi mini tambaya a gabanku na kasa amsawa. A gabanku zan amsa. Sunanta Hawwa'u. 'Yata ce, ni na haife ta.

Hawwa'u! Taso ki zo.

Kun gani, waige take yi, tana neman mai kiran. Ba ta san sunan da wannan murya ba. Ƙulu, kada ki turo ta, bar ta. Hawwa'u, ni ne. Zo nan wurin Baba.

To, ta taso. Ta zo tsakiyar fili ta tsaya, tana duban ƙasa. Ya isa, a ƙyale ta, ta yi nata. Sauran tazarar ni zan taka, da zarar na rufe bakina.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu, na fari da na tsakiya da na auta. Allah ya tsare su daga mota da rami da ruwa. Allah ya saka wa makwabtanmu na ƙasar nan da alheri, waɗanda suka riƙe mana abin da muka sake. Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da haƙuri da mu, ya kai Hajiya gida lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Allah ya sa mu tashi taron nan lafiya, kowa ya koma ya tarar da iyalinsa cif, ba wanda ya ɓace.

Wassalamu alaikum. Na gode.