Kifi Ya Bar Zurfi

Da hantsi, a bakin madatsar ruwan Kentucky, Orval na ɗaure jirginsa sai wata tsohuwa riƙe da sandar ƙugiya ta leƙa bokitinsa, ta ga ruwa zalla, babu kifi ko ɗaya.

"Ɗan nan, wanka ka kai bokitin?"

"Sati uku ke nan, Inna. Na yi wa matata alkawari, in yau ma babu kifi, zan sayar da jirgin."

"Ina kake jefawa?"

"Tsakiya, cikin zurfi. Can na yi ta kamu a Yuli."

"Yanzu Oktoba muke. Ruwa ya huce, ƙananan kifi sun shige bakin rafuka, manyan sun bi su. Dubi inda tsuntsaye ke sauka."

"To ke me ya hana ki zuwa?"

"Mijina ya sayar da namu jirgin bara."

Orval ya kwance igiyar.

"Shigo, Inna. Zauna gaba."