Gyarar da Ta Tsare Mini Kuɗi

Salamu alaikum mai gabatarwa. Sabi'u mai kilishi ne daga unguwar Briqueterie.

A kasuwar intanet ba a sakar mana kuɗi sai mai saye ya gamsu. Wata madam a unguwar Cité Verte ta yi oda, na ƙara mata ƙulli ɗaya gyara, yadda muka saba. Sai ta ɗauka kayan wani aka kawo mata, ta nemi a mayar mata da kuɗinta. Aka riƙe nawa, ga mahauci yana jirana da kuɗin namansa.

Na kira ta na ce, "Madam, kyauta ce." Ta yi ta dariya, ta janye ƙorafin, kuɗina suka shigo.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Yanzu kullum tana oda, amma wai gyarar ta yi kaɗan.