Ƙanƙarar da Ta Sami Safiya a Ido

Iyaye mata, ku ji tsoron Allah, kada ku aiki yaro waje ƙanƙara tana sauka!

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Maman Safiya ce daga unguwar Shifa, Riyad, ƙasar Saudiyya.

Ranar Talata bayan La'asar gari ya yi baƙi, ƙanƙara ta fara zuba. A gida mun taso ana cewa maganin ciwon zuciya ce, maigidana kuma yana fama da shi. Na miƙa wa 'yata Safiya kwano, na ce ta hau saman bene ta tsinto. Ta ce, "Yumma, wallahi manya ne, tsoro nake ji." Na daka mata tsawa: "Yalla, maza wuce! Ba a musu da uwa."

Tana hawa, guda kamar ƙwan kaza ta same ta a ido. Likita ya ce iska ke ɗaga ruwa can sama, ya daskare, ya yi ta kauri har ya faɗo kamar jifa. Har yau bai ce idon zai gani ba.

Malam, me zan ce mata? Na kasa kallon fuskarta. Ku taya mu addu'a.

Dokar gidana yanzu: hadari na tasowa, a kulle ƙofar bene, ba mai hawa, ko ni na aike shi.