Ni Na Fara Ganin Ruwan

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa.

Shekara biyar ina gaya wa mutanen unguwarmu cewa ruwan kogi na tsattsafowa ta ƙarƙashin shingen da ke tare mana ambaliya. Suka ce karatu ya yi mini yawa. Sai ga Injiniya Sabo da kwamfutarsa. Ya zuba mata awon ƙasa, ta lissafa, ta zana hanyar ruwan da shuɗin layi, daidai inda nake nunawa da sanda. Mai unguwa har da cewa, "Oga, ka cece mu!"

Masu sauraro, Sabon nan lissafina ya riƙa kwafa a firamare. In faɗa yanzu, ko in daure sai an gyara shingen? In ya fashe, gidana ne na farko.

Malam Ɗanlami, Dilimi, Jos.