Tsakuwa a Cikin Latas

Ranar Talata, sha biyu ga Maris, mu shida ne a ɗakin jiran likitan haƙori. Kusa da ni wata dattijuwa ta dubi wani magidanci da ke dafe da kunci.

"Ɗana, tsutsa ce ta ci haƙorin?"

"Tsakuwa ce, Inna, a cikin latas. Sakacin maiɗakina ne. Tun shekaranjiya ban yi mata magana ba."

"An wanke ganyen kuwa?"

"Sau uku, har da gishiri."

"Tsamo shi aka yi daga ruwan?"

"Juye shi aka yi a kwando, ruwa da ganye gaba ɗaya. Ya fi sauri."

"Ai ƙasar da ta kwanta a gindin roba ce ta koma kansa. Wa ya koya mata haka?"

"Ita tsamowa take yi ɗaya-ɗaya, ta shanya a tsumma. Na ga tana ɓata lokaci, sai na karɓa."

"To, ina sakacinta?"

"Ta bar ni na karɓa mana."

An cire haƙorin. Da magidancin ya fito, ya tambayi ma'aikaciyar asibitin ko mutum zai iya buga waya da auduga a baki.