Fustuƙ ɗin Hajiya na bushewa, ban iya faɗa mata ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shirin manoma. Ni ne Haruna mutumin Tawa, ina aikin lambu a gidan kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, a unguwar Safa, nan Jidda.

A gidan akwai bishiyar fustuƙ biyu, wannan ɗan itace mai kama da gyaɗa. Marigayi Alhaji, mijin Hajiya mahaifiyar kafilina, shi ya dasa su. Hajiya ta makance. Kullum da safe nake kama sandarta in kai ta ta shafa ganyensu.

Bara ɗaya ta fara yaushi ta gefe guda, ga ruwa ga taki, har ta mutu. Da na sare ta, cikin itacen ya yi baƙi. Yanzu ta biyun ta kamu. Mai sayar da dashe ya ce ciwon a ƙasa yake, in cuɗa farar wuta da ƙasar gindinta. Ni dai maganin ƙazuwa na san ta a gida, amma na zuba. Har yau shiru.

Kafilina ya ce, "Halas, shi ke nan, kada Ummi ta sani," wato Hajiya. Sai nake ɗora hannunta a reshen da ke da rai. Ta shafa ta ce, "Masha Allah, ya waladi, ɗana, ka riƙe amanar Alhaji."

Don Allah, wanda ya taɓa gwada farar wuta ya faɗa mini ko tana ceton wadda ta riga ta kamu. Malam, reshe ɗaya ya rage da zan ɗora hannun tsohuwar nan a kai.